Tafashiya Ba Tramol Ba Ce

Akwai wani saƙo da ya ƙi mutuwa a WhatsApp da Facebook. Yakan ɓace na wasu watanni, sai wani ya tono shi ya sake watsawa, da hoton saiwa mai ruwan ɗorawa a kan tabarma. Wai Turawa da bakinsu sun tabbatar cewa Tramol daga saiwar tafashiya yake fitowa, don haka ƙwaya ce ta Allah, ba ta da illa, hukuma ce kawai ke hana talaka abin da zai ƙara masa ƙarfin nema. Yanzu maganar ta bar waya ta sauko majalisa. A nan Maiduguri, a Gwange, a Bulumkutu, a tashoshin Keke Napep, za ka yi wa yaro faɗa a kan ƙwaya ya dube ka ya ce, "Baba, ai itace ne." Wasu kuma sun ɗauki maganar ta ɗaya gefen, suna neman saiwar a wurin masu sassaƙe da sunan "Tramol na gargajiya". Na gaji da jin wannan zance, shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ƙaryar tana cutar da 'ya'yanmu, tana kuma cutar da itaciya mai albarka da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Wanda bai san tafashiya ba: ƙaramar itaciya ce mai rassa masu rankwafowa, ganyenta manya masu sheƙi, biyu-biyu suna fuskantar juna. Furenta fari ne, dunƙulalle kamar ƙwallon da aka soke da allurai, ga ƙamshi. 'Ya'yanta jajaye ne a ciki, ana ci. Yarbawa suna ce mata egbesi, masana tsirrai kuma Nauclea latifolia. Danginta ɗaya da kofi da gauɗe da giyayya, da kuma itacen da ake samun kwinin a ɓawonsa. A jihar nan ta fi yawa a kudu, inda ruwan sama ya fi sauka, sai Adamawa da Taraba, galibi a bakin rafi da fadama.

To ina maganar Tramol ta samo asali? Ba daga iska ta faɗo ba, kuma wannan ne ya sa take da wuyar kashewa. A 2013 wasu masu bincike ƙarƙashin Michel De Waard na birnin Grenoble a Faransa, tare da wani masani ɗan Kamaru, Germain Sotoing Taïwe, sun buga sakamako a mujallar kimiyya ta Angewandte Chemie cewa sun sami sinadarin tramadol, wato Tramol, a ɓawon saiwar tafashiyar da aka haƙo a arewacin Kamaru, har kimanin kashi 0.4 cikin 100 na busasshen ɓawon. Duniyar masana ta yi mamaki, domin an san tramadol ɗan masana'anta ne: kamfanin Grünenthal na Jamus ya ƙirƙiro shi a 1962, ya fara sayar da shi a 1977. Jaridu suka ɗauka, labari ya zagaya duniya. A nan masu tura saƙo suka tsaya da karatu.

Shekara guda bayan haka, a 2014, wasu masana daga Jami'ar Dortmund ta Jamus, Michael Spiteller da Souvik Kusari, tare da abokan aikinsu 'yan Kamaru, suka ce bari su je su gani da idonsu. Suka haƙo saiwar tafashiya a Jihar Arewa Mai Nisa, wato maƙwabciyarmu ta bayan Banki da Gamboru, suka kuma haƙo a kudancin ƙasar. Ta kudu babu ko ɗigon tramadol a cikinta. Ta arewa akwai, amma ɗan burbushi, ƙasa ƙwarai da abin da aka faɗa da farko. Daga nan sai abin mamaki ya fito. Sun sami sinadarin a saiwar wasu tsirrai guda 5 dabam, sun same shi a cikin ƙasa, sun same shi a ruwan da mutane ke sha. Bayan shi kuma sun sami wasu sinadarai 3 waɗanda jikin mutum ko na dabba ne ke samar da su bayan ya narkar da tramadol. Ita itaciya ina ta ga hanta?

Da suka tambayi mutanen ƙauyukan sai asiri ya tonu. Manoma suna shan ƙwayar don su jure aikin rana, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don su wuni suna jan garma ba gajiya. Sa ya gama aiki ya fake a inuwa, ya yi fitsari ya yi kashi a gindin itaciya, ruwa ya sauka ya nutsar da shi cikin ƙasa, saiwa ta zuƙa. Abin da ake yi wa kirari da Tramol na Allah, ragowar ƙwayar kasuwa ce da ta bi ta cikin sa ta fito. Ɗan uwa, ka sake karanta wannan jimlar kafin ka sake tura saƙon nan.

Masu binciken farko ba su sallama nan take ba, a 2015 sun sake rubutu suna kare ra'ayinsu. Sai mutanen Dortmund suka kawo hujjar da ta rufe bakin gardama, aka buga ta a farkon 2016. Ga yadda take a sauƙaƙe. Duk tsiro mai rai yana shaƙar iska, a cikin iskar kuma akwai wani nau'in sinadari da ake kira kabon-14, wanda ke shiga duk abin da tsiron ya sarrafa. Wannan sinadari yana ƙarewa a hankali, rabinsa kan tafi duk bayan shekara 5,730. Man fetur ya yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa, nasa ya ƙare ƙarƙaf tuntuni. Saboda haka duk maganin da aka haɗa daga sinadaran man fetur ba a samun kabon-14 a cikinsa, wanda tsiro ya yi kuwa dole a samu. Suka sayi ƙwayoyi a kasuwar bakin titi a Marwa ta Kamaru suka auna, babu. Suka tace tramadol daga ƙasar wani wuri mai suna Houdouvou suka auna, nan ma babu ko kaɗan. Suka shuka tafashiya a ɗakin gwaji inda babu gurɓata, ta girma ba ta fitar da tramadol ba. Me ya rage kuma?

Abin da wannan bincike ya nuna ya fi ƙarfin abin dariya. Ya nuna an sha ƙwaya a wancan yanki har ƙasa ta jiƙa da ita, har ta gangara ruwan sha. Tsakaninmu da su kuwa babu wani shinge, kasuwa ɗaya muke ci, hanyar fataucinmu ɗaya, shanunmu suna ƙetare juna. Mai hankali idan ya ji wannan labari tsoro ya kamata ya kama shi.

Mu ƙaddara ma gaskiya ne, a ce itaciyar tana yin sinadarin da kanta. Sai me? Tun yaushe fitowa daga ƙasa ya zama shaidar rashin illa? Zaƙami ma a bola yake tsirowa ba wanda ya shuka shi, kuma kowa a garin nan ya san yaron da aka ɗaure da igiya saboda shi. Taba ganye ce. Wiwi ganye ne. Hodar iblis daga ganye ake tace ta. Malamanmu kuma ba su taɓa rataya hukuncin abin maye a kan inda ya fito ba, a kan gusar da hankali suka rataya shi. Mai cewa "ai itace ne" ya san abin da yake yi, mafaka yake nema. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne manya masu furfura da ke tura saƙon a zauren WhatsApp na dangi, ba su karanta ba, ba su tambaya ba, alhali 'ya'yansu suna cikin zauren suna gani. Malam, kai ka miƙa wa ɗanka hujjar da zai kafa maka gobe.

Ga girman abin da ake wasa da shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda a Najeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu magunguna irin su Tramol da kodin suke sha ba bisa ƙa'ida ba. NAFDAC ta amince da tramadol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, da takardar likita. Na bayan fage kuwa har mai 225 da 250 ake kamawa. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum mai ciwo na gaske, ke nan wanda ya haɗiye 'yan 225 guda biyu da shayin safe ya riga ya tsallake iyaka tun rana ba ta yi zafi ba. Daga nan ne faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya ke zuwa, in kuma an haɗa da kodin ko maganin barci, numfashi ya ɗauke. Rashin aikin yi, da raunin da shekarun rikici suka bar wa zukata, da fasa-ƙwaurin kan iyaka duk suna da hannu, ba na musu. Wanda ya riga ya kamu kada a ɗaure shi a ɗaki a ce ya bari dare ɗaya, a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga, domin yankewa farat ɗaya ita ma tana da nata wahalar.

Sai masu neman saiwar don su ji "caji". Babu abin da za ku samu sai ɗaci da murɗawar ciki. In kuwa ka sayi wani jiƙo a gora aka ce maka tafashiya ce, ka sha ka ji kanka ya yi sama, jikinka ya daina jin gajiya, to ka tuhumi hannun da ya haɗa shi.

Ban ce tafashiya ba ta da amfani ba. Kakanninmu sun daɗe suna shan saiwarta da ɓawonta da ganyenta don zazzaɓi da ciwon ciki da shawara, suna asuwaki da saiwar, suna rina zare da ruwanta mai launin ɗorawa. Masana sun sami sinadarai masu ɗaci a cikinta, ana kuma ci gaba da nazarinsu. Amma a duba tarihin 'yar uwarta. An yi shekaru aru-aru ana jiƙa ɓawon itacen kwinin, wani ya warke wani ya mutu, sai a 1820 Pelletier da Caventou suka tace sinadarin a Faransa, aka san awonsa. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau, daga wani tsiro dangin tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro tushensa, abin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Awo ne ya mai da su magani. Kofin jiƙon da 'yar mai ganye ta ba ka yau ba lallai ƙarfinsa ya yi daidai da na jiya ba, don saiwar tsohuwar itaciya da ta ƙarama ba ɗaya ba ne, ta rani da ta damina ma haka.

Shawarata ga mai son tafashiya ita ce ya shuka tasa, ya san ƙasar da ta sha. Tana yi a Maiduguri idan an kula da ita, amma a sani cewa 'yar bakin ruwa ce, mu kuwa damunarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasarmu yashi ne da ba ya riƙe danshi, zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Wanda ba zai iya ban ruwa da rani ba gara ya shuka dogon yaro ya huta.

Idan da iri za ka fara, ka nemi 'ya'yan da suka nuna sosai har suka yi laushi. Ka murje su a cikin ruwa, ka tace, ƙananan ƙwayoyin da ba su kai gero ba za su fito, ka shanya su a inuwa. Ka cika leda ko tsohon bokiti mai huji da yashi da ruɓaɓɓen taki, ka barbaɗa irin a sama, ka danna da tafin hannu. Kada ka binne shi, nan mutane da yawa ke kashe shi. Ban ruwan ma yayyafi ne da hannu, don kwarara za ta wanke irin. (A Ghana masana sun lura cewa irin da ya bi ta cikin birai ya fi saurin tsirowa. Tunda ba mu da birai a tsakar gida, murzawa da wankewa su ne madadin.) Ka ajiye a inuwa har tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida, sannan ka raba kowanne da ledarsa.

Reshe ya fi sauri. Da damina ka yanko mai kaurin yatsa, tsawon taƙi ɗaya da rabi, mai gaɓa biyu ko uku. Ka cire ganyen ƙasa, na sama ka rage rabinsu, ka soka a leda a inuwa. Ka dasa da yawa, don ba duka ke kamawa ba. Wanda yake kusa da uwar itaciya yana da hanya mafi sauƙi: ya lanƙwaso reshen da ya rankwafo, ya ɗan kankare ɓawon inda zai taɓa ƙasa, ya rufe da ƙasa ya ɗora dutse. Idan ya yi saiwa sai a yanke shi daga uwar a kai gida.

Lokacin dashe shi ne Yuli, bayan ruwa ya zauna. Rami ya kai santimita 60 a zurfi da faɗi, a cakuɗa ƙasar sama da takin da ya riga ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙone ta zai yi. Wanda ya sami laka ko firgi ya zuba kaɗan don ta riƙe ruwa. A ba ta mita 3 daga katanga, don tana baje rassa. Wuri mafi dacewa a gida shi ne inda ruwan alwala ke gangarawa. A nisanta ta daga masai, da kwata, da magudanar ruwan wanki, da turken dabbobin da ake yi wa allura ko ɗura, da inda ake wanke tankin feshi. Mun riga mun ga abin da saiwa ke yi da abin da aka zuba mata. A kewaye ta da ƙaya ko waya saboda awaki. A lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa don rage ƙafewar ruwa, amma kada ta manne da jikin itaciyar, gara za ta samu hanya, a riƙa barbaɗa toka. A shekarar farko da ta biyu, daga Maris zuwa Mayu, a yi mata rumfar zana, a ba ta ruwa da yamma ya ratsa sosai, ya fi yayyafi sau biyar a yini. Bayan ta gama 'ya'ya a rage rassan da suka yi yawo.

Wajen ɗiba kuma, ku ji tsoron Allah masu sassaƙe. Tumɓuke itaciya gaba ɗaya don buhun saiwa ɗaya ɓarna ce. Ganye ya wadatar a mafi yawan buƙatu. In ɓawo ne, a ɗauki siririn layi daga sama zuwa ƙasa a gefe ɗaya, kada a zagaye gindin, zagayewa yanka ne. In saiwa ce, a ɗauki ta gefe guda ɗaya a mayar da ƙasa, a bar itaciyar ta huta. A shanya a inuwa kan tabarma mai tsabta, ba a bakin kwalta inda hayaƙin mota da ƙura da fitsarin awaki ke sauka ba. Duk wadda ta yi funfuna a zubar. Kada a jiƙa a galan ɗin da aka taɓa zuba maganin feshi ko man inji, ko an wanke shi sau nawa.

Iyaye mata, wannan taku ce. Zazzaɓi ba duka ne na sauro ba. Gwajin jini na ɗan yatsa ba ya wuce minti 20, in ya nuna akwai, a sha maganin kwana 3 har ƙarshe, kada a ajiye rabi don jiki ya yi sanyi. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ɗura masa jiƙo, kuma idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina sun ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe musu. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin hawan jini ko na suga, su nisanci jiƙon saiwa sai sun yi magana da likita. Ido ya yi ɗorawa kuwa, kada a tsaya cewa shawara ce a kawo tafashiya. Ba mu manta da ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a Ngala a 2017 ba, cutar da ta fi yi wa masu ciki mummunan kamu, kuma da ɗorawar ido take bayyana. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Wanda ya shuka ta zai ci 'ya'yanta, ƙudan zuma su sami fure, gida ya yi ƙamshi, a sami inuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin shuka. Ina roƙon limamanmu na unguwa, da shugabannin ƙungiyar masu Keke Napep, da ƙungiyar masu maganin gargajiya, su faɗa wa mutanensu a fili cewa babu Tramol a jikin tafashiya. Kai kuma da saƙon nan yake cikin wayarka, ka goge shi, ka kuma sanar da wanda ya turo maka cewa an ƙaryata shi tun 2014.